Mani da Layun Itace

Ƙanena Mani, Allah ya jiƙan shi, rabin rayuwarshi ya ƙare wajen renon abin da ba a ci. Lokacin ƙarin albashin Udoji, da kuɗi suka rasa wurin zama, Alhaji Sha'ibu ɗan kwangila ya gina gida a Faskari, ya kwaso wasu itatuwa daga Kaduna masu ganye kamar wutsiyar doki. Ba 'ya'ya, ba miya, rani da damina kore shar. Mani ya bar gonar dawa a Damari ya koma gidan Alhaji yi wa itace aski da almakashi.

Akwai babbar cikinsu a bakin ƙofa, ita yake fara ba ruwa kafin ya karya. Nakan ce, "Mani, ka kai mata sadaki mana mu huta." Sai ya ce, "Yaya, ita dai ba ta da baki irin naki."

Wata shekara ganye ya fara bushewa. Ya duba, sai ga 'yan jakunkuna kamar ɗan yatsa rataye a rassa, an saƙa su da ƙirare. Mani ya ce mahassadan Alhaji ne suka rataya layu. Ya bi ya tsince su tas. Da nan ya tsaya, da ya gama magani. Amma wai laya ba a ƙona ta, ba a yar da ita ƙasa, wa ya sani ko akwai sunan Allah a ciki. Sai ya zuba su a kwando ya rataye can saman babbar, inda ƙafa ba ta takawa.

Ashe ƙwai ne a cikin jakunkunan, ruwa na sauka suka ƙyanƙyashe, suka afka wa ganyen babbar. Na je na iske shi zaune a gindinta, ta yi ja kamar an babbake. Ya farke jaka guda ya nuna mini a tafin hannu. Tsutsa ce baƙa, tana motsi.

Na ce, "To, ga malamin da ya yi rubutun."

Bai yi dariya ba. Ya tashi ya hura wuta, ya fara da kwandon. Kullum safe sai ya bi sauran itatuwan reshe reshe, yana tsinta yana zubawa a wuta, har aka yi girbi. Suka farfaɗo.

Babbar kuwa Alhaji ya ce a sare. Mani ya ce ba dai da hannunshi ba. Ranar ya tafi kasuwar Sabuwa, ya wuni, ya dawo bai sayo komai ba.