Dutsen Baba Na'ibi

A bakin kakarta A'i Rahamatu ta fara jin sunansa, ranar da bangon simintin ɗakinsu a Jidda ya tsage. Tsohuwar ta ja tsaki ta ce, "Da ginin Na'ibi ne, wallahi ko allura ba ta samun hanya."

Na'ibi magini ne. Da ƙafa ya taso daga Damagaram yana saurayi, da niyyar hajji. Guzuri ya ƙare masa a Sawakin, bakin teku a Sudan, nan ya koyi gini da dutsen teku, farin nan mai ramuka kamar soso. Da ya tsallako Jidda sai ya tarar da shi ake gina gidajen Balad, tsohon gari. Shekara arba'in yana jera dutse, bayan 'yan sahu ya shimfiɗa katako don nauyi ya rabu daidai. Gida kuwa bai sake komawa ba. Ya yi aure, Allah bai ba shi haihuwa ba.

Lokacin da Rahamatu ta san shi, farar ƙasa ta riga ta cinye idanunsa. Duk Juma'a kakarta kan aike ta da abinci ɗakinsa a bayan ƙofar garin da ake kira Bab Makka. Kafin ya buɗe kwano sai ya tambayi gida na ƙarshe da ya gina, mai hawa huɗu da korayen tagogi.

"Yana nan, Baba."

"Bai karkace ba?"

"Ya ma fi ka tsayuwa."

"Ja'ira! Ni ai ba a sa mini katako ba."

A 1974 aka zo faɗaɗa titi. Yini guda katafila ta gama da gidan, shi ke nan. Rahamatu ta tsinci dutse ɗaya cikin ɓaraguzai, ta ƙulle a gefen mayafi. Juma'a biyu tana zuwa da shi tana komawa da shi, in ya tambayi gidan sai ta kauce da hirar makaranta. A ta uku ta durƙusa, ta ɗora masa a tafin hannu.

Ya daɗe yana shafawa. Ya kai hanci.

"Na ɓangaren teku ne," in ji shi. "Ya sha gishiri."

Bai ƙara tambayar gidan ba. Dama tun shekarun baya ya roƙe ta:

"'Yar nan, ran da suka rushe shi, kada ki faɗa mini da baki. Ki kawo mini dutse ɗaya, hannuna zai gane abinsa."