Rigar Ruwan Lemo ta Yaya Suong

A bakin tekunmu mace ba ta shiga rana haka kawai. Sai da malafa, da takunkumi, da safar hannu, da rigar rana mai dogon hannu, ido kaɗai ake gani. Idan masunta suka dawo da hantsi, mata kan yi dafifi a kan rairayi, duk kamanninsu ɗaya. Da riga muke gane juna.

Ta Yaya Suong mai launin ruwan lemo ce. Tun ina amarya nake sayar da kifi kusa da ita, ban taɓa ganinta da wata ba. Mace ce mai kaifin baki, ba ta ragi, ba ta kuma tauye sikeli. Mijinta Bay yana fita su a irin kwale-kwalen nan namu na gora mai kama da kwando, ita kuwa ta tsaya bakin ruwa ta jira shi, su ja kwale-kwalen tare, ta karɓi kifi. Da haka suka raini 'ya'ya uku.

Rigar ta sha wanki da ruwan gishiri har ta zama shara-shara. Idan ta shanya ta, kana hango bishiyar kwakwa ta cikinta. Na sha ce mata, "Yaya, wannan ai rariya kike sawa. Me take tare miki?"

Sai ta ce, "Ke dai kori ƙuda daga kifinki."

Bara wani tabo ya fito mata a kafaɗa, ya ƙi warkewa. 'Yarta Diem, mai aikin otal a birni, ta ja ta asibiti. Aka yanke tabon, likita ya ce rana ce, kuma yadin da haske ke ratsawa ba ya kare fata, balle idan ya jiƙe. Diem ta sayo mata sabuwar riga marar nauyi mai matsattsiyar saƙa, ruwan toka, irin wadda kowa ke sawa yanzu. Ta san taurin kan uwarta, don haka ta ɓoye tsohuwar rigar, ta kuma rako ta bakin ruwa da kanta.

A ranar Bay ya daɗe yana kewaye a kan ruwa bai shigo ba. Da ya shigo, can wajen duwatsu ya sauka, inda ko yaro ya san ba a sauka. Ya taho da kwandon kifi yana leƙa fuskokin mata, ya wuce matarsa har kafaɗarsa ta gogi tata.

Nan na gane. Ashe idon mutumin nan ya tafi, launin tsohuwar rigar nan mai haske kawai yake bi ya dawo gida. Matarsa kuwa ta sani tuntuni ta yi gum, don ta san ranar da 'ya'yan suka ji za su raba shi da teku, shi kuma bai san wata rayuwa ba. Na ji kunyar tsiyar da na yi ta yi mata.

Yaya Suong ta daka masa tsawa, "Kai tsoho, ina za ka da kifina? Sabuwar mata kake nema?"

Ya juyo yana yaƙe. "Ai yarinya na gani, shi ya sa na kau da kai."

Diem ba ta yi dariya ba. Ta ce, "Mama, tun yaushe?"

"Tun yaushe me? Kama masa kwando."

Ban san yadda suka ƙare a gida ba. Na dai ji an ce Bay ya yarda a kai shi a duba idon, amma sai kakar kifi ta wuce. Washegari kuwa ya fita su kamar kullum. Da hantsi sai ga Yaya Suong da riga biyu, sabuwar a ciki, tsohuwar a sama, gumi har ya jiƙa mata takunkumi.

Na sha gabanta na ce, "Yaya, riga biyu a wannan zafin? Ai sai ki dahu."

Ko kallona ba ta yi ba, idonta na kan ruwa. Ta ture ni gefe da gwiwar hannu.

"Matsa," in ji ta, "kin tare masa ni."