Abin da Kaka Ta Faɗa wa Kwamfuta

Ranar Talatar da ta wuce cajar wani malami ta ƙone a ofishinmu na makaranta. Ba wani abin tashin hankali ba ne, ɗan hayaƙi ne da ƙaurin roba. Aka zare ta, aka buɗe taga, kowa ya koma kan makin jarrabawarsa. Ni kaɗai na zauna da jan biro a hannu na kasa ci gaba. Akwai ƙaurin da in ya shiga hancin mutum ba ya tsayawa nan, sai ya ja shi har gida. Ni wannan ya mayar da ni ɗakin Babanmu a Daura, wata la'asar ta damina, ina 'yar shekara goma sha uku.

Bari in faro daga farko, kamar yadda nake tilasta wa ɗalibaina.

Babanmu hedimasta ne da ya yi ritaya. Duk wanda ya zauna da irinsu ya san ba aikin suke bari ba, makaranta kawai suke sauyawa, kuma mu muka zama ajinsa. Ya gwada kiwon tattabaru, mage ta raba shi da su. Ya gwada lambu a bayan gida, awakin maƙwabta suka ji daɗinsa ƙwarai. Sai wata rana ga shi da 'yan acaɓa biyu a ƙofar gida, kowanne da ƙaton kwali. Kwamfuta ce, tsohuwa, fara da ta fara komawa ruwan ƙasa. Wani mutumin kudu mai shagon kayan mota kusa da tasha, wanda ya fi wasunmu iya Hausa, shi ya samo masa ita daga Kano, kuma shi ya zo ya haɗa wayoyin. Umma ta ɗinka mata riga da ragowar atamfa, ta ce ko banza baƙuwa ce.

Shekarun nan ne da aka fara maganar shari'a, lokacin da ko sabon takalmi mutum ya saya sai ya ji kamar ya tambayi hukuncinsa. Da Baba ya gano akwai wasan kati a cikin na'urar, kuma ya kama ni ina yi, bai yi faɗa ba, sai ya aika aka kira limamin unguwarmu. Liman ya tsaya a bayana yana kallo ina jera kati ja a kan baƙi, sannan ya juya ya tambayi Baba.

"Malam, in ta ci, wa ta cinye?"

"Ba kowa."

"In kuma aka cinye ta, me za ta bayar?"

"Ba komai."

"To wannan ai ba caca ba ce, zaman banza ne. Shi kuwa ba yau aka fara shi a garin nan ba."

Da wannan fatawar na samu rabin awa, amma sai Baba ya gama nasa aikin.

Aikin nasa shi ne asalin gidanmu. Mahaifiyarsa, da muke kira Kaka, tana zaune tare da mu, kuma dukan dangi a kanta suke: wa ya haifi wa, wa ya auri wa, wa ya tafi Gabas bai dawo ba. Amma abin da ya sa ake hawo mota daga ƙauye a zo wurinta shi ne ta san wa ya sha nonon wa. A dangi irin namu da ake yawan auren zumunci, wannan ba ƙaramar magana ba ce. Jaririn da ya sha nonon wata mace ya zama ɗanta, 'ya'yanta duka sun zama 'yan'uwansa, aure ya haramta a tsakaninsu. Ba a rubuta irin wannan. Maza suna gona ko kasuwa sa'ad da yake faruwa. Tsofaffin mata ne ke riƙe shi, kuma kafin a kai goron kowace yarinya sai an zo an durƙusa gaban Kaka an ce, "Hajiya, akwai wani abu?"

Wuta ba ta da lokacin zuwa. Da ƙwan lantarkin tsakar gida ya kama, sai Baba ya ajiye ko lomar tuwo ce, ya ce a taso da Hajiya. Ta zauna a kan buzu da gogaggen goronta a gefen zane, shi ya hau kujera, tabarau a kan hanci, yana farautar haruffa da yatsu biyu kamar mai tsintar tsakuwa a shinkafa. Fankar na'urar tana gurnani, ɗakin ya ɗauki ɗumi da warin sabuwar roba, duk da ba sabuwa ba ce.

Na tuna Kaka ta taɓa ce masa, "Kai da ka yi shekara talatin kana sa 'ya'yan mutane rubutu, ka sa a takarda mana."

Ya ce, "Hajiya, takarda gara ke cinye ta. Wannan ba ta mantuwa."

Ta ce, "Ni ma haka ake cewa da."

Ni kuwa ina bayansu, na jingina da bango, ina addu'a ɗaya tak: kada a ɗauke wuta kafin layi ya zo kaina. Sunayen matattu suna wucewa ta kunnena kamar ruwa a kan kwano. Ana ji, ba a saurara.

Rana ɗaya ce na ɗan farka, don na ji an ambaci Yayata. Kaka tana ba da labarin shekarar da aka haife ta. Umma ta kwanta da zazzaɓin da har ba ta gane mutane, nono ya ƙafe, sai Kaka ta goya jaririyar ta tafi da ita garin Babban Mutum, gidan Baffanmu, suka yi kwana ashirin. Matar Baffa a lokacin tana da goyo. Na ji Kaka ta ce, "Da muka isa, yarinya tana ta tsala kuka, sai na ce..." Baba ya ɗaga hannu ya ce, "A hankali, Hajiya, ban ga wasalin ba." Daidai nan ƙwan ɗakin ya yi ja kamar zai mutu, na zuba masa ido ina roƙon Allah. Wutar ta tsaya. Na samu rabin awata. Har na ci wasa biyu a jere, wannan kam na tuna sarai.

Kaka ta rasu lokacin girbin gero. Baba ya yi kuka irin na manya, wanda ba a jin sautinsa, amma ya riƙa gaya wa masu ta'aziyya cewa alhamdu lillahi ya kwashe abin da ke kanta kafin ta tafi. Yana da faifan ajiya guda da mai shagon ya ba shi, ya ce ya riƙa juye aikinsa a ciki. Baba ya adana faifan nan sosai, a cikin ledarsa, a cikin akwatin takardun ritaya, har bai taɓa sa komai a cikinsa ba.

Da damina ta zagayo, wata la'asar hadari ya haɗu daga gabas. An yi kwana huɗu ba wuta, ranar aka kawo, Baba ya ga asara ce a kashe na'ura saboda gajimare. Umma tana kwashe shanya tana cewa, "Malam, a zare abin nan." Ya ce saura layi ɗaya. Sai aka saki wata tsawa da ta sa kaji suka ruɗe. Allon ya yi fari, ya yi baƙi, wani siririn hayaƙi ya fito ta bayan akwatin. Ƙaurin da na faɗa maka ke nan, mai karatu. Baba ya danna maɓallin ya fi sau ashirin, sannan ya mayar mata da rigarta ta atamfa, ya ce za a gyara.

Ba a yi gaggawar gyaran ba, don ba wanda ya san za a buƙace ta.

Babban ɗan Baffa yana karatun malanta a lokacin, kuma ya ɗauki wata ɗabi'a ta biyowa ta gidanmu da ƙwan zabi a ƙwarya, wai Baffa ya aiko. Ba a taɓa jin Baffa da irin wannan kyauta ba. Yaya kan fita zaure karɓar ƙwai ta yi awa guda, ta dawo tana dariyar da ba ta da dalili. Kowa ya gani, kowa ya so. Bayan girbi manya suka zo da goro da alewa, aka raba, har na ci rabona.

Bayan kwana uku wata Gwaggonmu ta zo da sandarta. Ba muguwa ba ce, na daɗe da daina ganin laifinta. Ta ce ita dai tana jin tsoron Allah: shekarar nan da aka kai jaririya Babban Mutum, kamar ta shiga ɗaki ta gan ta a ƙirjin matar Baffa. Kamar. Ko kuwa ɗan matar ne ta gani, ba za ta rantse ba, ido ya tsufa, shekara ashirin ba kwana ashirin ba ce.

Aka shiga neman wanda ya sani. Matar Baffa ta riga Kaka rasuwa. Umma ta ce ita a lokacin ko sunanta ba ta sani ba. Baffa ya ce yana gona, harkar mata ce, shi dai ya san akwai akuya mai shayarwa a gidan, ya kuma san matarsa mai tausayi ce. Wato ya ba kowane ɓangare hujja, ya koma gida.

Baba ya ce kowa ya kwantar da hankalinsa, maganar tana cikin kwamfuta.

Mai shagon kayan mota ya buɗe ta ya girgiza kai, ya ce, "Baba, wannan ta fi ƙarfina." Aka kai ta Katsina. Aka kai ta Kano a bas, Baba ya ɗora ta a cinya tun daga tasha, bai yarda a sa ta a but ba. Ya dawo da ƙafafu a kumbure da magana ɗaya: komai ya ƙone, wataƙila rumbun ajiyar da ke cikinta yana da rai, amma wanda ya duba ba shi da abin buɗe shi, wanda aka ce yana da shi kuma ya yi tafiya.

Umma ta ce, "To kai da ka rubuta da hannunka, me ta ce?"

Ya dubi na'urar. Sannan ya ce, "Ina neman haruffa ne. Na rubuta ne don kada sai na riƙe."

Washegari da hantsi ya kira ni. Duk tsawon rayuwata Baba yana yi mini tambayoyi, amma ranar ce ta farko da ya tambaye ni abin da shi bai san amsarsa ba.

"Ke kina wurin. Bayan ta ce yarinya tana kuka, me ta ce?"

Yaya tana tsaye a bakin ƙofa da tsintsiya a hannu, ba ta shara. Na san abin da take so in ce. Kalma biyu ce: nonon akuya. Ba wanda zai ƙaryata ni, don wadda za ta iya tana kabari, ɗayar kuma tana cikin riga ta atamfa. Na dubi Yaya, na dubi Baba. Na ce, "Ban ji ba, Baba. Ina kallon ƙwan lantarki."

Bai yi faɗa ba. Ya cire tabarau ya goge da bakin riga. Na sha gaya wa kaina tsoron Allah ne ya hana ni ƙarya a ranar. Wasu ranakun kuma ina ganin tsoron Baba ne kawai. Na gaji da auna su.

Liman ya ce maganar mace ɗaya, wadda ita ma da "kamar" ta faro, ba ta haramta aure, amma barin abin da ake kokwanto ya fi. A shekarun nan kuwa ba gidan da ke so a nuna shi a ce can ne aka aurar da wa da ƙanwa. Sai aka fasa. Ba ihu, ba zagi. Ƙwan zabi kawai ya daina zuwa.

Yaya ta yi aure bayan shekara biyu, mijinta mutumin kirki ne, 'ya'yansu biyar. Ɗan Baffa ma ya yi iyali. Duk Sallah yakan zo gaisuwa, kuma har yau Yaya ba ta san yadda za ta karɓe shi ba. In ɗan'uwanta ne na nono, ai sai ta zauna yadda take su yi hira. In ba shi ba ne, sai ta lulluɓa ta gaishe shi daga nesa. Sai takan ɗora mayafi a kafaɗa ɗaya, ta tsaya a tsakiyar tsakar gida, su tambayi juna yara.

Kwamfutar kuwa ba ta jefuwa. Liman ya ce tunda akwai Bisimilla a cikinta da addu'o'in mamata, ba a kai ta juji. Da Baba ya rasu aka zo rabon kayansa, kowa ya kawar da kai, sai ta faɗo kaina. Na yi ƙaura da ita gida uku. Tana saman sif ɗina.

Bara wani tsohon ɗalibina, mai shagon gyaran waya, ya gan ta ya yi dariya. Ya ce, "Malama, wannan ai aikin awa ɗaya ne yanzu. In rumbun bai mutu ba, zan juye miki komai a wayarki." Haka zamani yake, sai abu ya gama amfani yake sauƙi. Na sallame shi. Na hau Keke Napep na tafi gidan Yaya, na same ta tana tsinke zogale a tire. Na gaya mata.

Ba ta ɗago ba. Ta ce, "In ta ce na sha fa?"

Na ce, "Sai hankalinki ya kwanta."

"Sai in san na yi shekara da shekaru ina tuna ɗan'uwana yadda bai kamata ba. In kuma ta ce akuya ce?"

Na zauna kusa da tiren, ta ci gaba.

"Baba ba ya nan, Gwaggo ba ta nan, Liman ba ya nan. Ke kaɗai kika rage da zan kalla." Ta turo mini tiren. "Ba na so in kalle ki haka, Auta. Taya ni, yara sun kusa tasowa."

Na taya ta har muka gama.

Ɗalibin nawa yakan tuna mini duk sa'ad da muka haɗu, ni kuma in ce masa sai an yi hutu. An yi hutu uku. Ran Asabar nakan taka kujera in sauke rigar atamfar, in kakkaɓe, in mayar. Kaka tana ciki, ta buɗe baki, ta ce "sai na ce," tana jiran Baba ya ga wasali.