Hanyar Garin Su Kaka

Ƙaurin roba ne ya fara dukan hancina. Muna gangarowa daga wani tudu a ƙasar Ningi, ni da Kaka a kujerar baya, kwandon bandar kifi a kan cinyata. Tun asuba muka bar Haɗeja, domin an aiko cewa ƙanwar Kaka tana kwance jiki ya yi tsanani, a ƙauyen da aka haife su, kuma ba ta kiran kowa sai ita.

Direbanmu mutumin Auyo ne. Ya san taɓo, ya san yadda ake ratsa ruwa idan kogi ya cinye hanya. Dutse ne bai sani ba. Duk gangara sai ya danne birki ya ƙi ɗaga ƙafa, har ƙafafun motar suka soma hayaƙi. Da ƙyar ya tsayar da ita a bakin wani ƙauye.

"Kai ɗan nan, mota kake tuƙi ko kwalekwale?" in ji Kaka.

"Iya, mu a garinmu ƙasa ba ta miƙewa tsaye. Wa ya aike ku zama a kan dutse?"

Ya hau acaɓa ya tafi neman bakanike, ya bar mu a gindin ɗorawa.

Matan ƙauyen suka kawo mana tabarma da ruwa a ƙwarya. Kaka ta gaishe su da wani yare da ban taɓa ji a bakinta ba, suka tafa hannu, suka kewaye ta. Ban gane ko kalma ɗaya ba. Bayana ya ƙage, kaina na sarawa. Na jingina da itacen ina kallon duwatsu, baƙaƙe, sun hau kan juna kamar shanu a mashaya. Ni da na tashi inda ido ke tafiya har ya gaji bai ci karo da komai ba, sai na ji sararin sama ya yi mini kaɗan.

Aka yi azahar, aka yi la'asar. Kaka ta daina hira, tana jan carbi kawai.

"Kaka, da saura nisa?"

"Sha ruwa, 'yar nan."

Da aka gyara motar, hanya ta yi ta kewaye da mu, rami bayan rami. Gab da magariba muka isa. Tun daga nesa muka hangi maza zaune a kan tabarmi a ƙofar gida. An riga an kai ƙanwar Kaka makwancinta. Kaka ta sauka a hankali, ta ce in miƙa kifin cikin gida.

Sai bayan shekaru, Kaka ma ta rasu, wata jikar ƙanwar tata ta zo gaisuwa take faɗa mini cewa ƙauyen da muka yini yana bayan dutsen garin su Kaka ne, akwai 'yar hanyar ƙafa da ke haurawa ta kan dutsen. Matan sun faɗa wa Kaka, har sun ce za su raka ta. Ta ce musu gwiwoyinta sun daɗe da zama na mutanen fadama.