Tafiyar Malam Abdulbaƙi Yankari

Malam Abdulbaƙi mai wankin hula, Allah ya jiƙansa, maƙwabcina ne a Zaitawa. Mutum ne mai kunya, bai iya cewa a'a ba ko ga yaro. Burinsa ɗaya a duniya, ya ga giwa tana yawo a dajinta. In an ce ai akwai ta a gidan zu, sai ya ce waccan fursuna ce.

Shekarar da sojoji suka fara mayar wa farar hula mulki ya ce lokaci ya yi. Ƙanensa Lawal yana jan motar haya kiya-kiya, shi ya ɗebe mu zuwa Yankari, da matar Malam Zinariya, da yara, da mahaifiyarsu Inna 'Yardada. Ni ma Malam ya gayyace ni.

Muna isa Wudil Inna ta ce a tsaya, tana da 'yar'uwa a nan, in ta ji an wuce ta ba gaisuwa zumunci ya mutu. Muka sha fura, aka rako mu da kaji. A Birnin Kudu Lawal ya so nuna wa yara zanen mutanen da a jikin dutse, amma kawun Zinariya ya tsare mu da tuwo, ya ƙara mana zabi. A Ningi muka kwana, wata gwaggo ta kawo akuya mai ciki, ta ce ta riga ta yi niyya. Malam ya buɗe baki, ya rufe, ya yi godiya.

Da muka isa ƙofar dajin washegari, mai gadi ya leƙa motar ya daɗe yana kallo. Ya tambaya ko kasuwa muke nema. Ya ce dabbar gida ba ta shiga, shi kuma ba kiwo aka ɗauke shi ba. Daga ƙofar zuwa inda giwaye suke da sauran tafiya mai nisa, dole Lawal ya ja mota, dole kuma wani ya zauna da dabbobin.

Na ce ni zan zauna. Malam ya riƙe igiyar akuyar gam.

"Haba maƙwabci, ni na gayyato ka. A ji a Zaitawa na kawo baƙo Bauchi na sa shi kiwo?"

Muka bar shi a nan muka shiga, muka ga giwaye har da 'ya'yansu. Da yamma muka tarar da shi a gindin bishiya, zabi sun kwance ya sha gudu, akuya ta tauna masa gefen hula. Ya taso da sauri yana tambayar Inna yadda giwar take. Inna ba ta kiran sunansa, ɗan fari ne.

"Kai wannan, ba ka rasa komai ba. Kunne ne kawai da toka a jiki. Ka ba akuyar ruwa?"

Da shekara ta zagayo ya sake shiri. Ya zauna da Lawal suka zaɓi hanyar Jos, ya ce duk nisanta ba su da kowa a can. Inna tana tsintar shinkafa a tsakar gida, ba ta ko ɗago ba, ta ce madalla, dama ta daɗe ba ta ga 'yar ƙanwarta Dije a Saminaka ba, kuma mijinta shanu yake kiwo.

Malam ya tashi. Ya koma wajen hulunansa, bai sake ta da zancen ba.