Ragon da Na Yanka wa Giwa

Ko tsufa zai kwashe mini komai daga ka, har da lambar gidana, akwai wata Asabar da ba zai iya ɗauka ba. Kuma kafin wani ya riga ni, bari in faɗa da bakina: wawan da ke cikin labarin nan ni ne, ba ni da mataimaki.

Bokona aji huɗu ne na firamare, sauran a bayan sitiyari na ƙarasa shi. Na ja tasi a Washington ta Amurka har furfura ta fito, sannan Allah ya buɗa na sayi ƙananan bas guda biyu. Da asuba nake kwasar ma'aikata daga garinmu Woodbridge, mu shiga cunkoson babbar hanyar 95, in sauke su a gaban ofisoshin gwamnati na unguwar Southwest a Washington. A cikin cunkoson nan na yi digirina na siyasa. Akwai wani mai surutu a rediyo da ke ihu kan haraji tun safe, ni kuwa Bakano ne jikan 'yan kasuwa, duk wanda ya zagi haraji ɗan'uwana ne ko ban taɓa ganin fuskarsa ba. Kai ka yi gumi, ka sha sanyi, ka canza taya a cikin ƙanƙara, gwamnati ta zo ta zauna a raba da ita kamar tare kuka sayi motar. Ga shi mutanen jam'iyyar nan mai alamar giwa suna maganar aure da tarbiyya da tsoron Allah. Na ce ai waɗannan Hausawa ne, babbar riga kawai suka rasa.

Da zaɓen shugaban ƙasa na dubu biyu da sha biyu ya matso, ban taɓa kawo faɗuwar giwa a raina ba. Mai rediyo ya ce an gama. Allunan da aka kafa a layinmu duk na giwa ne. Maƙwabcina, wani Bature tsohon soja mai yawo gida-gida yana neman wa giwa ƙuri'a, ya tsaya a bakin garejina yana cewa jiharmu ta Virginia a kan gaɓa take, kowace ƙuri'a tana da nauyi. Sai na bugi ƙirji irin na gida. Na ce masa, da Turancina na tasi, ya bar mini mutanena. Gidana nawa ne, kuma Hausawan unguwar nan ba mai tsallake maganata. Ya riƙe hannuna da hannu biyu, idonsa har ya kawo ruwa.

Kun san yadda ake yi a gida. Mai gida ya faɗi inda za a yi, a bi. Wanda ya hau motarka ya ci abincinka ranar zaɓe, magana ta ƙare. To haka na yi. Ranar Talatar zaɓen na ba fasinjojina haƙuri, na sa Hajiya, matata, ta soya waina, wato masa, cike da kula, na dafa shayi. Sawu bayan sawu na yi ta kai mutane makarantar da ake kaɗa ƙuri'a, kyauta. Har da abokina, wani injiniya Bazazzagi da ba ma haɗuwa ba mu tsokani juna ba, da babbar 'yata da ke aikin nas, da Hajiya a kujerar gaba. Duk wanda zai sauka sai in ce, "Ka dai san inda za a yi." Ya ce, "Na sani, Alhaji." Ban lura ba ko mutum ɗaya bai ce giwa ba.

Ƙarin wautar, Babbar Sallah ta faɗo kwanaki kaɗan kafin zaɓen. Da na je gonar da muke sayen raguna, sai na sayi biyu. Ɗaya na layya, ɗaya na ce a ajiye mini shi don walimar nasara ran Asabar. Na gayyaci jama'a har daga Mitchellville.

Safiyar Laraba na kunna rediyo a mota, na ji mai ihu yana magana a hankali kamar mai zaman makoki. Shugaba mai ci ya zarce. Har Virginia ta tafi wa jam'iyyar mai alamar jaki. Wallahi sai da na wuce mahaɗar da nake fita ban sani ba. Fasinjoji a baya suna ta murmushi cikin wayoyinsu. Da na dawo na ce wa Hajiya a fasa walima. Ta ce, "Alhaji, an riga an yanka, kuma ragon bai san wanda ya ci ba. Mutane za su zo."

Suka kuwa zo, bayan gida ya cika. Ana gasa nama, hayaƙi na tashi, kowa ya miƙo mini hannu ya ce, "Sannu Alhaji, sai haƙuri." Na ɗauka jaje muke yi wa juna. Bature maƙwabcina ya zauna a gefe da farantinsa, yaji na sa shi hawaye, ko kuwa zaɓen ne, ban sani ba. Ganin haka na miƙe na gyara hula, na ce a saurara.

Na yi jawabi, jama'a. Na ce ƙasar nan ta lalace. Na ce masu zaɓe sun zama 'yan a-ba-ni, kowa ya miƙa hannu yana jiran gwamnati ta sa masa a baki, mu masu tashi da asuba mu ne jakunan da za a ɗora wa kayan. Na ce haraji zai hau har sai mun sayar da takalmanmu. Na ce gwamnati ta yi ƙiba ta kasa tashi daga kujera.

'Yata ta ce da Hausarta ta 'yan nan, "Baba, gwamnatin nan fa ita kake ɗauka a bayan mota kullum da safe. In ta rame, wa zai hau bas ɗinka?"

Aka yi dariya. Na ce yaro bai san siyasa ba, na ci gaba. Na nuna maƙwabcina na ce ko ba komai, ni da jama'ata mun fita kunyar wannan bawan Allah, mun ba da namu cif. Na maimaita masa da Turanci. Ya ɗaga kofinsa yana godiya.

A nan Bazazzagin ya ƙware da zoɓo. Ya yi tari, ya goge ido, ya ce, "Bakano, don girman Allah zauna ka ci namanka."

"Me kake nufi?"

"Ba na nufin komai. Masar dai ta yi daɗi rannan."

Da mai hankali ne da ya zauna. Ni kuwa na ce, "To, duk wanda ya dangwala wa giwa a nan ya ɗaga hannu."

Na ɗaga nawa. Bature ya ga na ɗaga, aka fassara masa, shi ma ya ɗaga. Shi ke nan. Wani ya sunkuya yana gyara takalmin da ba shi da igiya. Bazazzagin ya ce shi dai yana tare da ni kan haraji ɗari bisa ɗari, amma ya gaji da jin mai rediyona yana kiran irinmu baƙin da suka zo cinye ƙasa. Wata baiwar Allah 'yar Filato, wadda ba ta fashin coci, wadda na ƙirga a sahun farko, ta ce ɗanta mai sikila sai a wannan mulkin inshora ta karɓe shi. Kowa da dalilinsa, kuma ba wanda na taɓa ji, domin ban taɓa tambaya ba. Wato da man motata, da tayata, da masar gidana na yi wa jaki jigilar ƙuri'a yini guda.

Saura mutum ɗaya. Hajiya tana tsaye a ƙofar kicin riƙe da babban tire da hannu biyu. Na ce da ƙarfi, don Bature ya ji, "Hajiya hannunta a cike yake, shi ya sa."

Ta dube ni. Ta taka a hankali ta ajiye tiren a kan tebur. Sannan ta harɗe hannayenta a ƙirji.

Har yau, in gaya muku gaskiya, giwa nake yi, kuma har yau in lokacin haraji ya zo hawan jinina tashi yake. Maƙwabcina bai riƙe ni ba, sai dai duk zaɓe yakan tambaye ni ko zan huta da jigila a bana. Abin da na koya a bayan gidan nan shi ne, mutum zai hau motarka, ya ci masarka, ya kira ka Alhaji da ladabi, amma abin da ke ransa nasa ne. In kana so ka sani, sai ka rufe bakinka ka tambaya. Amma a ranar ban kai ga wannan hankalin ba. A ranar, gaban jama'a, cewa na yi:

"Hajiya, har da ke? A gidana, da aurena a kanki? Ba na gaya miki abin da muke so ba?"

Ta ce, "Ka gaya mini, Alhaji. Tun ranar da aka kawo ni gidanka kake gaya mini abin da nake so. Ran Talata ne aka tambaye ni, kuma kana waje kana gadin mota."

Na nemi kujera na zauna. Ta zuba mini nama.