Ƙarfen Banɗakin Inna

Auta ake kiranta har yau, ko da yake furfura ta cinye mata rabin kai. Yayyenta sun watse garuruwa, aka bar ta da Inna da keken ɗinki. Tun da tsohuwar ta zame a banɗaki, Auta ba ta ƙara ɗinki cikin kwanciyar hankali ba. Da ta ji ƙarar bokiti sai ta tsai da keke, ta kasa kunne.

Ta shimfiɗa tabarmar roba a banɗakin, ta cire sakatar ƙofa, ta kira mai walda ya kafa ƙarfen riƙewa a bango, daidai kafaɗarta. Inna ta mai da shi wurin rataye zani, ta ci gaba da dafa bango.

"Inna, don Allah ki riƙa kama ƙarfen nan. Bakina ya gaji."

"Ke kika auna, ke za ki kama. Wai tela!"

Ranar da Auta ta durƙusa wanke banɗakin ta ga inda fenti ya dafe, can ƙasa kusa da famfo, wurin da tafin Inna ke sauka kullum. Ashe matar da ta goya ta har ta ranƙwafa haka. Mai walda ya dawo ya sauko da ƙarfen.

Rannan ta gama cuɗa wa Inna baya, ta zo miƙewa, gwiwa ta ƙi. Hannunta ya lalubo ƙarfen, ya kuwa yi mata daidai.